Dutsen Gugan da Na Bari a Jone

Kwana ashirin da uku muka yi babu lantarki a layinmu na Wunti, kuma ban san wanda ya kai ni zagin ma'aikatan wuta ba. Ni Ja'afaru mai wanki da guga, in ban zage su ba wa zai zage su? Da safe in zage su, da rana in ƙara, in na duƙa ina hura gawayi hayaƙi ya cika min ido in sake sabon lale. To, ranar da suka tuna da mu, ni kaɗai ne a duk garin Bauchi na riƙa roƙon Allah kada su kawo ta.

Shagona ɗan ƙarami ne a cikin lungu, ƙofarsa ɗaya ta ƙarfe. Daga ciki akwai wani ɗaki da ɗan banɗaki, ba a shigarsa sai ta shagon, tagarsa ɗaya mai sandunan ƙarfe tana kallon bangon wani injin niƙa. A wannan ɗakin na ajiye mahaifina, Malam Ɗanlarai, kuma babu wanda ya sani.

Baba ya haura tamanin. Jikinsa da sauran ƙarfi, kansa ne ya fara barinsa. Sai ya tashi ya ce zai tafi wurin aiki, alhali rabonsa da tuƙa tifa ya fi shekara ashirin. Da muna zaune da shi a gidan hayarmu da ke ƙarshen layi, matata Khadijatu ce ke sa masa ido. Da ta haihu, haihuwar fari, sai iyayenta suka ɗauke ta zuwa Tirwun wankan jego. A satin farko Baba ya ɓace sau biyu. Na biyun a tashar mota aka tsince shi, babu riga babu takalmi, aka kawo shi a keke napep jama'a na biye. Mai unguwa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya wanke ni tas a gaban mutane, ya ce ana ganin 'ya'yan banza amma ba a saba ganin wanda zai bar ubansa yana yawo tsirara ba.

Ina zan sa kaina? In na zauna gadinsa ba za mu ci ba, in na fita ya fice. Sai na kawo shi ɗakin shago da sassafe, na sa wa ƙofar ɗakin sakata ta waje. In zan fita kai kaya in zura sakatar, in kuma danna wa ƙofar shago kwaɗo. Na ce wa 'yan layi ƙanwata Sauda ta zo ta tafi da shi Gombe, haka na faɗa wa Khadijatu ma. Baba ba mai hayaniya ba ne, yawanci barci yake yi, in ma ya yi magana ƙarar injin niƙa ta shanye. Ban taɓa zura sakatar nan ban ji kunyar kaina ba, amma na ci gaba da zurawa.

Sai maganar dutsen guga. Ina da na lantarki, babba mai nauyi. Wutar layinmu ko tana nan ba ta da ƙarfi, ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi, dutsen sai ya ɗan ɗumama ya kashe kansa. Na kai wa Habila mai gyara, ya buɗe cikinsa ya cire abin da ke kashe shi in ya yi zafi, ya haɗa wayar kai tsaye. Ya ce, “Yanzu ba zai ƙara yi maka gardama ba, amma fa kai ne makunninsa. In ka gama ka zare.” Kan wayar ma ya daɗe da fashewa, tsirarar waya nake cusawa a soket in danne da tsinken ashana. Rabin masu gugar garin nan haka suke yi, kada wani ya taɓe min baki.

Ranar da transfomarmu ta ƙone ina tsakiyar gugar wata shadda. Muka ji ƙara kamar an harba bindiga, kowa ya fita a guje kallon hayaƙi. Da na dawo sai na kwashe shaddar na fita waje na hura dutsen gawayi. Tun daga ranar a bakin ƙofa nake aiki, teburin ciki kuwa ya koma wurin jibge wankakkun kaya. Dutsen yana kife a kan bargon guga, kaya a kansa sun kusa taɓa rufi. Wa ke tuna zare waya a layin da ko cajin waya sai an je bakin titi wurin mai janareta?

Ranar Talata da hantsi na ba Baba kunu da ƙosai, na ajiye masa ruwa, na zura sakata, na danna kwaɗo, na tafi Tirwun. Itacen wanka na kai wa Khadijatu, don wankan jego yana cin itace kamar gidan biki. Na tuɓe rigata na rataye a ƙusa a tsakar gidan surukaina, daga ni sai 'yar shara, na faskara itacen na jera. Na wanke hannu na karɓi 'yata, ina kallon 'yan yatsunta, sai wayata ta yi ƙara daga aljihun wando. Sanda ɗaya ta rage mata ta caji, ita ma tana ƙyaftawa.

Madam Ifeyinwa ce, mai sayar da kifin sanyi a bakin lungunmu. Ita ce ta biyuna a zagin ma'aikatan wuta, don firizojinta uku sun zama akwatunan ajiye kwano.

“Ja'afaru! Kana ina? Sun kawo! Mota ya sauke sabon transfoma, suna ɗaura waya yanzu-yanzu. Oga ya ce kafin azahar wuta zai zo!”

Na ce alhamdulillahi, har da dariya, na ce ashe suna da sauran imani.

Ta ce, “Yau ka huta da gawayi. Ka koma wannan babban dutse naka.”

Ban san lokacin da na miƙa wa Khadijatu jaririyar ba. Na ga teburin a idona, na ga tsinken ashanar a soket, na ga tulin kayan, na ga sakatar. Na ce, “Madam, ki saurare ni, ki je ki ce musu kada su...” Sai na ji shiru. Na duba, wayar ta mutu.

Khadijatu ta ce, “Lafiya? Me ya faru?”

Na ce dutsen guga na bari a jone, ta ba ni wayarta. Ba ni da lambar kowa a ka, ko ta Madam, duk suna cikin matacciyar wayar. Khadijatu ta kira Yagana maƙwabciyarmu, a kashe. Ta kira matar mai gidanmu, a kashe. Duk wanda take da lambarsa ɗan layinmu ne, kuma layinmu kwana ashirin da uku babu wuta. Gidan surukaina su ma tun jiya aka ɗauke musu.

Ta ce, “To ka kwantar da hankalinka mana, kaya ne fa. In ma sun ƙone Allah zai rufa asiri.”

Na dube ta, bakina ya buɗe, amma uwarta na tsaye a bakin murhu tana kallona. Na juya na fita a guje.

A bakin titi na sami keke yana jiran ya cika, mutum biyu a ciki, direban yana sakace. Na bar shi na tare wani ɗan acaɓa, dogon Bafulatani, daga baya na ji sunansa Yero. Na ce, “Wunti, don girman Allah ka yi gudu.” Ya dubi 'yar sharata da idona bai tambaye ni komai ba, ya ce in hau.

Gudu kam ya yi, har muka iso wani gidan mai. Layin motoci ya fito ya cinye titi, an yi sahu uku, wata tirela ta gitta ta kasa gaba ta kasa baya. Kowa na danna oda kamar oda ce za ta ɗaga tirelar. Yero ya sauka gefen kwata, ya kutsa ta tsakanin teburan masu lemo, wata mata ta bi mu da zagi har da na kakanni. Ina bayansa ina ta “Ya Allah, Ya Allah,” na kasa haɗa addu'a ɗaya cikakkiya. Can na ji kaina ina cewa, Allah ka sa wayarsu ta gaza, Allah ka sa sun manto wani ƙarfe a ofis, Allah ka sa sabuwar ma ba ta da kyau. Ni da na yi sati uku ina tsine musu don sun yi jinkiri.

Mun wuce cunkoson da kaɗan babur ya fara shaƙewa, ya yi tari biyu ya mutu. Yero ya ce, “Mai ne.” Ya ce in sauka, ya kwantar da babur ɗin a gefe ɗaya ya jijjiga, ya buɗe tanki ya sa baki ya hura, ya tayar. Ya tashi, muka yi 'yar tafiya ya sake mutuwa. Ya hango mai bumburutu da galan a tsallaken titi ya ce in jira shi. Na tsaya ina kallonsa yana tsallakawa a hankali yana kauce wa motoci, na ɗaga kai na ga rana ta kusa tsaka. Wallahi na ji kamar in kwanta a kwalta in yi ihu.

Da ya zuba man muka ci gaba, sai ga shi an tone hanyar shiga unguwarmu ana aikin kwata, an gitta katako ɗaya masu ƙafa na bi. Na diro tun bai gama tsayawa ba. Na ji yana kirana a baya, na ce ya tambayi shagon Ja'afaru mai guga, ban ko waiwaya ba.

Transfomar tana bakin unguwa, shagona kuwa yana can ciki, lungu huɗu tsakani. Da na hango ta na ga jama'a sun yi mata zobe, teloli da tef a wuya, masu walda, mata da goyo, kamar ana raba wani abu. Sabuwa ce fil, toka-toka, an ɗora ta a kan dakali. Na dubi ƙwan shagon mai shayi da ke kusa, wanda ba a taɓa kashe makunninsa ba, na ga bai kama ba. Na yi hamdala.

Shugaban ma'aikatan wani kakkauran mutum ne da hular kwano, ana ce masa Oga Irmiya. Yana riƙe da doguwar sandar nan mai ƙugiya da suke tura fis ɗin sama da ita, ya riga ya tura ɗaya, saura biyu. Mai unguwa na tsaye kusa da shi yana gyara malum-malum, kai ka ce shi ya ƙera transfomar. Na ture mutane na kama hannun Oga Irmiya.

Na ce, “Oga, don Allah dakata. Kada ka kunna.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Kai kuma daga ina?”

“Dutsen guga na bari a jone, kaya a kansa. Ka ba ni lokaci in je in zare.”

Wurin ya ɗauki dariya. Wani tela ya ce, “Ja'afaru ne fa! Wanda ya ce in ya kama ɗan wuta sai ya goge masa baya da dutse!” Wani ya ce kwana ashirin da uku bai isa in zare waya ba sai yau? Wata mata ta ce ita ƙanƙararta ta fi gugata, a kunna kawai. Mai unguwa ya girgiza kai ya ce, “Kai dai kullum da taka.”

A nan ne ya kamata in faɗa. Kalma uku ce, babana yana ciki, da babu wanda zai sake taɓa sandar nan. Sai na dubi mai unguwa, na dubi mutanen da suka yi sati biyu suna tambayata ya jikin Baba a Gombe ina cewa da sauƙi. Na ce a raina ai na riga na iso, lungu huɗu ne, in zare waya shi ke nan, babu wanda zai ji komai. Na auna ran ubana da fuskata a idon mutane, na zaɓi fuskata. Ba ni da wata hanyar da zan faɗi wannan ya yi daɗin ji.

Oga Irmiya ya share gumi ya ce, “Ka ga, muna da wani aikin a Yalwa, tun safe suke kirana. Minti biyar na ba ka. Ka ruga.”

Na ruga. Lungu na farko, na biyu, na tsallake kwata, na yi karo da mai tura ruwa har jarka ɗaya ta faɗi. Na iso ƙofar shagona ina haki, na kai hannu aljihun riga. Babu riga. Tana can rataye a ƙusa a Tirwun, da makullan a ciki.

Na laluba aljihun wando, na sake lalubawa, kamar makulli zai tsiro. Na kama kwaɗon na girgiza. Kwaɗo ne mai kyau, da gangan na zaɓi wanda ba ya fasuwa, kuma an yi masa gida na ƙarfe a jikin ƙofar don kada guduma ta same shi. Fis ɗin shagon ma yana ciki, ni na sa aka mayar da shi can saboda ɓarayin fis. Duk abin da na yi don tsaro, ranar nan shi ya tsaya min a gaba.

Ina nan ina dukan kwaɗon da dutse sai na ji ihu ya tashi daga bakin unguwa, ya biyo lunguna yana zuwa. “An kawo! An kawo!” Rediyon wani gida ya kama da ƙarfi, fanka ta fara juyawa a shagon aski, ƙwan da ke saman ƙofata ya haska fari tas, hasken da ban taɓa ganin ya yi ba. Sabuwar transfoma ce, wutar da ƙarfinta ta zo. Ko sun cika minti biyar ɗin ko ba su cika ba, ban sani ba, kuma ban da bakin tambaya.

Madam Ifeyinwa ta fito tana rawa da zani a hannu. “Ja'afaru, ka gani? Me kana yi da dutse?”

Na ce, “Makulli. Na bar makulli.”

Ta ce to in bari mana a kira mai gyaran kwaɗo da yamma. Na manna fuskata a jikin ƙofar, ta ƙasan na fara jin wari, irin warin nan da kowane mai guga ya sani, na yadi in dutse ya daɗe a kansa. Na buga ƙofar da tafin hannu biyu na ƙwala, “Baba! Baba!”

Madam ta daina rawa. “Wane Baba?”

Na ce, “Babana yana ciki! Yana ɗakin baya, na sa masa sakata! Jama'a ku taimake ni, babana yana ciki!”

Ban san ina da irin wannan murya ba. Mutane suka fara fitowa, masu murna suka tsaya da murnarsu a fuska. Na ji wani ya ce, “Ba yana Gombe ba?” Madam ta ɗora hannu a ka ta ce, “Jesus!” sannan ta kwasa a guje tana kiran Tunji mai walda. Wani tela kuma ya ruga bakin unguwa don a kashe wutar.

Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙasan ƙofa, fari tukuna, sannan ya yi duhu. Na zaga ta bayan injin niƙa, na matse kaina tsakanin bango da bango har na kai taga. Na leƙa, ɗakin ya fara yin hazo. Baba yana zaune a bakin katifa da hularsa a kai, yana tari yana lalubar takalmi. Na ce, “Baba, ka shiga banɗaki! Ka kwanta a ƙasa!” Ya ɗaga kai yana neman inda muryar ke fitowa, ya ce, “Wa ke ƙona shara?” Na ja sandunan tagar har fatar hannuna ta saɓule, ko motsi ba su yi ba.

Da na dawo gaba na tarar Tunji ya iso da injinsa na yankan ƙarfe, ya ja waya daga shagon aski. Ya ce kowa ya matsa, ya ɗora a kan gidan kwaɗon, tartsatsi ya tashi. Na tsaya a kansa ina cewa yi sauri, yi sauri, kamar shi ba ya gani. Ƙarfen ya fara buɗewa, ya ci rabi, ya wuce rabi. Sai injin ya yi wani kuka ya lafa, faifan ya juya a hankali ya tsaya. Ƙwan saman ƙofa ya mutu. Telan ya isar da saƙo, an kashe wutar.

Tunji ya ɗaga kai ya ce, “Wane ne ya kashe? Wuta ya riga ya kama kaya, kashewa ba zai yi komai ba! Ku ce su kawo!” Wani ya sake rugawa. Na san kafin ya je ya dawo an gama. Na fizge wani ƙarfen tayar mota daga hannun wani bakanike, na cusa a inda injin ya yanka. Tunji ya kama, bakaniken ya kama, sai ga Oga Irmiya da kansa ya iso a guje da hular kwanonsa, ya ture mu ya sa ƙarfinsa. Muka danna tare, sau ɗaya, sau biyu, a na huɗu ƙarfen ya ɓalle.

Da ƙofar ta buɗe hayaƙi ya buge mu har muka ja baya. Teburin yana ci bal-bal, harshen gobarar ya kama silin. Aka shiga ihun ruwa, ruwa. Ina ruwa? Tankin rijiyar burtsatsen unguwa da lantarki yake cika, rabonsa da ɗigo tun ranar da transfoma ta ƙone, famfo kuwa mun manta kamanninsa. Mai turar da na yi karo da shi ya kawo jarkokinsa, mata suka fito da na randa a bokiti da tukunya, wasu suka riƙa ɗebo yashin aikin kwata a kwano. Madam ta tsoma buhun kifi a bokiti ta yafa min a ka. Wani ya riƙe ni ya ce in jira a rage ta, na doke hannunsa.

Ban ga komai a ciki ba, da ƙafa na san hanya. Wani abu mai ci ya faɗo min a kafaɗa, na ji zafin kamar ba a jikina ba. Na laluba na sami sakatar, ta yi zafi har ta kama min tafi, na ja ta. Baba ba ya kan katifa. Na rarrafa ina kiransa, hannuna ya taɓa ƙafarsa a bayan ƙofa, ashe nan ya zo ya durƙushe. Na yafa masa buhun, na saɓa shi a kafaɗa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana juya sitiyarin tifa, bai fi ƙullin wanki nauyi ba.

Na fito na zube da shi a tsakiyar lungu. Ba ya motsi. Madam ta yayyafa masa ruwa, Oga Irmiya ya kwantar da shi ta gefe yana bubbuga bayansa, ni kuwa na riƙe ƙafarsa ina kiran sunan Allah, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban damu da wanda ke kallo ba. Can ya ja wani dogon numfashi, ya fashe da tari, baƙar majina na fita. Jama'a suka ɗauki salati. Aka ce a kawo keke a kai shi asibiti.

Kafin keken ya iso ya ɗan dawo hayyacinsa. Gefen hannayensa duk sun kumbura sun fashe, sai a lokacin na gane ya daɗe yana dukan ƙofar. Mutane sun kewaye mu, mai unguwa a gaba. Baba ya bi fuskoki da kallo har ya tsaya a kaina. Ya dubi kafaɗata da ta ƙone, ya dubi fuskata da ta yi baƙi.

Ya ce, “Bawan Allah, kai ka fito da ni?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

“Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka 'ya'ya masu jin ƙanka.” Ya yi tari, ya kamo wuyan 'yar sharata ya jawo ni kusa da bakinsa zai yi min raɗa. Kunnensa ya daɗe da yin nauyi, raɗarsa har ƙarshen lungu ana ji.

“Ɗana ne ya rufe ni. Ja'afaru, mai guga. Amma don Allah kada ka gaya wa mutane. Abin ne ya yi masa yawa, shi kaɗai ne. In suka ji za su ci masa mutunci.”

Na kasa ɗaga kai. Ya ƙara jijjiga ni da wannan fasasshen hannun.

“Ka ji ko? Ka yi min alkawari.”

Na ce, “Na yi, Baba.”